Ruwan Kano Da Baƙin Tsuntsaye: Zumuncin Dausayin Haɗeja Da Ƙasashen Ƙetare

Tun kaka da kakanni mutanen birnin Kano suka san cewa in shamuwa ta sauka a kan rimaye da tsamiyoyi ta fara ɗibar kirare don yin sheƙa, to damina ta ƙarato, sai manomi ya nemi irinsa ya gyara fartanyarsa. Ba a jifanta, ba a kwashe mata ƙwai, gama baƙuwa ce mai zuwa da albishir. In kaka ta yi kuma sai a neme ta a rasa. Masana sun tabbatar da cewa kudu take nufa, ta ƙetare ƙasashe har gabashi da kudancin Afirka, inda ake damina sa'ad da ake rani a ƙasar Hausa.

A daidai lokacin da ita take haramar tafiya, waɗansu baƙin ne suke isowa daga arewa. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba dubban agwagin ruwa da tsattsewa da ƙananan tsuntsayen bakin tabki masu dogayen ƙafafu sukan baro Turai da yammacin Rasha saboda tsananin sanyi, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a duk inda suka fara ganin ruwa da ɗanyen haki. Kududdufan cikin birni da na bayan ganuwa sun daɗe suna samun rabonsu na waɗannan baƙi, amma babban masaukinsu shi ne dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Wannan dausayi kuwa kaso mai yawa na ruwan da ke raya shi daga ƙasar Kano yake gangarowa. Dalili ke nan da ya sa duk zumuncin da aka ƙulla tsakanin dausayin da ƙasashen ƙetare ya shafi Kano kai tsaye, ko da yake mutanen birni da yawa ba su san da labarinsa ba.

YADDA AKA GANE TAFIYAR TSUNTSAYE

Turawa kansu sun daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensu suke zuwa da hunturu. Har waɗansu malamansu na dā suka rubuta cewa wai tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tabki ta yi barci sai bazara. A cikin 1822 aka harbo wata farar shamuwa a kusa da garin Klütz na arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta, ta taho da shi tun daga inda aka jefe ta. An cusa fatarta an ajiye, tana nan a Jami'ar Rostock. Daga baya, a cikin 1899, wani malamin makaranta na ƙasar Danmak mai suna Hans Christian Mortensen ya ƙago dabarar ɗaura wa tsuntsu ɗan zoben ƙarfe mai lamba da adireshi a ƙafa. Duk wanda ya kama tsuntsun a wata ƙasa sai ya aika da lambar, ta haka aka riƙa zana hanyoyinsu a kan taswira.

Kano ta ba da nata taimako a cikin wannan aiki. An kafa Ƙungiyar Masu Nazarin Tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, kuma ɗaya daga cikin jigoginta, R. E. Sharland, ya yi shekaru yana ɗaura wa tsuntsaye zobe a Kano da kewayenta. A 1981 shi da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, watau a zamanin da Haɗeja da Gumel da Kazaure suke cikin Jihar.

Abin da ya farkar da Turawa sosai ya faru ne a bazarar 1969. Akwai wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro da ta cika shingayen gonakin Ingila, wadda takan yi hunturu a yankin Sahel. A shekarar nan masu ƙirga tsuntsaye suka ga wajen kashi uku cikin huɗu ba su komo ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar ƙarancin ruwan sama a kudancin Sahara ne ya halaka su, farkon farin nan da ya tsananta daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu har suka cika Kano. Nan masu kiwon tsuntsaye na Turai suka gane cewa kome kyawun gandun da suka keɓe a ƙasarsu, aikin banza ne muddin masaukin tsuntsun na Afirka ya bushe.

HURUMI BA BAƘON ABU BA NE

Keɓe daji ko ruwa a hana taɓa shi al'ada ce da ƙasar Kano ta sani tun kafin zuwan Turawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara, wanda mutanen zamanin Barbushe suke girmamawa ba su sarar itacensa, kuma daga wannan kurmi ne kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta sami sunanta. Bayan Musulunci ya kafu sai shari'a ta tabbatar da hurumi, watau filin da hukuma take keɓewa don amfanin jama'a duka. Kowane gari yana da makiyaya da mashaya da burtali, kuma dagaci da Sarkin Dawa da Sarkin Ruwa su ne masu tsaron ƙa'idojinsu.

A zamanin En'e, cikin shekarun 1940, aka yanke dajin Kogin Kano aka mai da shi gandun itatuwa. A shekarun 1960 aka ɗaukaka shi ya zama gandun namun daji, shi ne wanda aka sani yau da dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wajen kilomita 150 kudu da birni. Gwamna Audu Bako kuma ya gina gidan namun daji a Kano a farkon shekarun 1970, domin yaran birni su ga abin da iyayensu suke ba su labari. Shi ne kuma ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, a daidai bakin dajin Falgore ta arewa.

HANYAR RUWA DAGA FALGORE ZUWA CADI

Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin Jihar, ya ratsa dajin Falgore ya zuba a Tiga. Daga nan ya gangaro ya haɗu da kogin Calawa kafin Wudil, su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim ya isa Haɗeja. Gabas da Haɗeja ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce mai tsofaffin tuddan rairayi, saboda haka kogin yakan rarrabu gida gida, ya bazu ya cika fadamu da tabkuna. Kogin Jama'are, wanda ya fito daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauci, shi ma ya shigo ya yi haka. A wajen Gashuwa ragowar ruwan yake sake haɗuwa ya zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a yankin Difa, sa'an nan ya zuba a tabkin Cadi.

Ambaliyar da ake yi kowace shekara a watannin Agusta da Satumba ita ce ran wannan ƙasa. In ruwa ya hau ana noman shinkafa, kifi kuma ya shiga fadamu ya hayayyafa. In ya janye sai a bi danshi da wake da kayan lambu, Fulani da sauran makiyaya su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa har rani ya wuce. Ruwan da ya tsuma a ƙasa kuma shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogin. Tun da aka kai hanyar jirgin ƙasa Nguru a 1930 amfanin wannan dausayi yake kwararowa Kano, har yau kuma busasshen kifi da shinkafa da tattasai da kaba da kanwa na can suna cikin abin da ake ciniki a kasuwannin birni.

Madatsun ruwa sun sauya wannan tsari. Tiga an gina ta ne ta riƙe kusan kubik mita miliyan 2,000 na ruwa, a 1992 kuma aka gama madatsar Calawa a Ƙaraye. Babu mai musun alherinsu. Da su ne aka yi noman rani na Kadawa da Kura, da su ne kuma injinan Calawa da na Tamburawa suke samun ruwan da ake turowa famfunan birni har cikin rani. Amma fa abin da aka tare a sama, na ƙasa ne ya rasa. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na dausayin. A farkon shekarun 1990, bayan madatsu da shekarun fari sun haɗu a kansa, abin bai kai 1,000 ba.

ZUMUNCIN 1987

A cikin wannan hali ne aka kafa Shirin Kiyaye Dausayin Haɗeja da Nguru a 1987. Waɗanda suka haɗa hannu su ne Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, NCF, wadda Cif S. L. Edu ya kafa a 1980, da Ƙungiyar Kare Tsuntsaye ta Ingila, RSPB, da Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, IUCN, mai hedkwata a Suwizalan, da Majalisar Kare Tsuntsaye ta Duniya wadda daga baya ta koma BirdLife, tare da Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin Jihohin da dausayin ya ratsa. A lokacin dausayin Baturiya na ƙasar Haɗeja yana cikin Jihar Kano ne, gama sai a watan Agusta na 1991 aka yanki Jigawa daga Kano, aka kuma yanki Yobe daga Barno. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, wanda a lokacin shi ne shugaban Asusun Kare Namun Daji na Duniya, WWF, ya ziyarci tabkin Dagona a ƙasar Bade, abin da ya sa sunan wurin ya shiga jaridun duniya.

Da farko tsuntsaye ne kaɗai a zuciyar baƙin. An ɗauki masu gadi, an hana farauta a waɗansu tabkuna, an shiga ƙirga tsuntsaye kowane watan Janairu, ranakun da ake yin irin wannan ƙirge a Turai da sauran Afirka, domin a haɗa lissafi a san ko wani jinsi yana ƙaruwa ko yana raguwa. An sami irin tsuntsaye fiye da 370 a yankin, kuma a ƙirgen Janairun 1997 tsuntsayen ruwa kaɗai sun haura 300,000. Cikinsu akwai na gida, irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela, akwai kuma baƙin Turai.

Ba a daɗe ba ma'aikatan shirin suka gane cewa gadi ba shi tsare tabkin da babu ruwa a cikinsa, kuma manomin da gonarsa ta bushe ba ya sauraron wa'azin tsuntsu. Sai aikin ya karkata ga ruwa da abincin mutane. Masana daga jami'o'in Ingila da na Nijeriya suka shiga auna kogunan da zana faɗin ambaliya daga jirgin sama kowace shekara. A 1993 IUCN ta buga babban littafi a kan dausayin, wanda G. E. Hollis da W. M. Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tsara. Shi wannan na ƙarshe daga baya ya shugabanci NCF.

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na Edward Barbier da abokan aikinsa. Sun lissafa kuɗin abin da ake samu na noma da kamun kifi da itacen wuta a dausayin, suka gwada da abin da ake samu a noman rani na Kogin Kano, suka raba kowanne da yawan ruwan da yake sha. Lissafinsu ya nuna cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya isa dausayi yana kawo amfanin da ya ninka na noman ranin sau da yawa, alhali kuwa ba su ma sa kiwo da cikar rijiyoyi a lissafin ba. Wannan bincike ya zama abin misali a duniya, ana koyar da shi a jami'o'i. Shi ne kuma babbar hujjar waɗanda suka ƙi a ƙarasa madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, kogin da yanzu shi ne yake ba da mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa.

Shawarar da masanan suka bayar ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Calawa a watan Agusta, domin a kwaikwayi ambaliyar da Allah ya saba saukarwa, sa'an nan a rage saki da rani. Abin da ya auku shekara da shekaru kuwa shi ne ana sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara. Magudanan da a dā sukan bushe ƙayau da rani sai suka zauna da danshi, ciyawar nan kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta. Sai ruwa ya karkata ta magudanar Marma zuwa tabkin Nguru yana cinye gonaki da gidaje, waɗansu rassan kuma suka ƙafe. Daɗin daɗawa kacalla ta zama makwancin tsuntsun janbaki, wanda ke cinye gero da dawa da shinkafa. Ga mutumin da janbaki ya share masa gona, maganar kare tsuntsaye tana bukatar dogon bayani.

YARJEJENIYOYI DA ALKAWURA

Ran 2 ga Fabrairu 1971 aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kiyaye dausayi ta duniya a garin Ramsar na ƙasar Iran. Kowace ƙasa da ta shiga takan zaɓi waɗansu dausayoyinta ta sa su a jerin na duniya, ta yi alkawarin amfani da su da hankali. Wurin da Nijeriya ta fara sawa shi ne tabkin Nguru da magudanar Marma, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara waɗansu, cikinsu har da Baturiya da Dagona da tabkin Maladumba na ƙasar Misau. Akwai kuma yarjejeniyar 1995 ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda a ƙarƙashinta aka gudanar da wani shiri daga 2006 zuwa 2010 da ya haɗa Haɗeja da Nguru da wurare irinsu a ƙasashe da dama. Daga 2011 kuma ƙungiyar tsuntsaye ta ƙasar Holan ta tallafa wa aikin sare kacalla da dashen itatuwa da ƙananan sana'o'i a ƙauyukan dausayin.

Ta fuskar ruwa ma akwai alkawura. Ran 22 ga Mayu 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tabkin Cadi, a lokacin da faɗin tabkin yake wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi ƙwarai. A 1990 Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a kan raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu, har da gulbin Maraɗi da ƙarshen kogin Yobe. A 2006 kuma aka yi taro a Damaturu inda Jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, tare da Gwamnatin Tarayya, suka kafa asusun kula da wannan kogi baki ɗaya. Ashe ke nan duk ranar da aka buɗe ko aka rufe ƙofar Tiga, akwai Jihohi shida da ƙasa maƙwabciya da abin ya shafa.

NAMUN DAJI DA IYAKOKIN ƘASA

Irin wannan haɗin kai ya fi tsufa a tsakanin gandayen da suke maƙwabtaka. Amurka da Kanada su ne suka fara, a 1932, da suka haɗa gandun Glacier da na Waterton suka kira su gandun zaman lafiya. A Afirka ta Yamma babban misali shi ne gandun W, wanda ya ci sunansa daga lanƙwasar kogin Kwara, aka kafa shi a 1954, ya kuma ratsa Nijar da Binin da Burkina Faso. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 kuma ta faɗaɗa shi ya haɗa da gandun Arli da na Penjari. A nan ne mafi yawan giwaye da zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suke.

A Nijeriya, dokar 1991 ta kafa Gandun Ƙasa na Tabkin Cadi mai sassa uku. Akwai sashen Bade da Nguru wanda Dagona take ciki, akwai Bulatura a cikin rairayin arewacin Yobe, akwai kuma Cingurmi da Duguma a ƙasar Bama, wanda yake maƙwabtaka da gandun Waza na Kamaru. Giwaye da raƙuman dawa sun saba ƙetarowa daga Waza zuwa can, an kuma daɗe ana shawarar haɗa wuraren biyu. Tashin hankalin da ya auka wa Barno tun daga 2009 ya tsai da wannan niyya, kamar yadda 'yan bindiga suka hana ma'aikata shiga sassa da yawa na gandun W a 'yan shekarun nan. A watan Afrilu na 2024 Nijeriya da Kamaru suka rattaba hannu a Abuja a kan yarjejeniyar kula da dazuzzukan kan iyakarsu tare.

Wani abin koyi ya faru a ƙasar Nijar. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma wajen hamsin kacal a tsakiyar shekarun 1990, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai. Gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin ƙetare suka haɗa kai da manoman wurin, aka hana harbinsu, aka sa mutanen ƙauye su ne masu raka baƙi masu zuwa kallo, har garken ya haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki takwas a mota aka kai su gandun Gadabeji na Jihar Maraɗi, tafiyar kilomita 800, wurin da aka yi shekaru kusan hamsin ba a ga irinsu ba.

Akwai kuma abin takaici. Gauraka, mai kambin zinariya, wadda ake ƙirgawa tsuntsuwar ƙasa a Nijeriya, a dā garke garke ake ganinta a fadamun Haɗeja da na Cadi. Bushewar fadamu da kama ta da ake yi ana sayar wa masu ajiye ta a gida don ado, da masu fitar da ita ƙasashen waje, su suka ƙarar da ita. A 1992 aka yi taron ƙasashen duniya a kanta a nan Kano, amma duk da haka yau da wuya a gan ta a dajin Nijeriya, sai a Cadi da Kamaru da Senigal. Taro da takarda ba su hana kasuwa ci ba.

ABIN DA YA RAGE WA KANO

Wanda ya dubi waɗannan shekaru zai ga zumuncin ƙetare ya kawo abubuwa masu amfani. Ya bar ma'aunin ruwa da lissafin tsuntsaye na shekaru masu yawa, ya horar da 'yan ƙasa waɗanda suka zama manyan masana, ya kuma ba talakan Haɗeja da Bade hujjar da za su tsaya da ita a gaban masu gina madatsu. Rauninsa kuwa shi ne kuɗin baƙo yana da wa'adi. Shiri yakan yi shekara huɗu ko biyar, in ya ƙare motoci su tsaya, masu gadi su watse, kacalla ta koma inda aka sare ta. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da tuwon maƙwabci yakan kwana da yunwa. Albashin mai gadin daji da kuɗin yashe magudana nauyi ne na gwamnatocin Jiha da ta Tarayya, ya kamata su fito a kasafin kuɗi kowace shekara, taimakon baƙo ya zo ya tarar da su.

A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da sababbin gandayen ƙasa guda goma, cikinsu har da Falgore a Kano da dausayin Haɗeja a Jigawa da dajin Kogo a Katsina. Falgore ya sha wahalar ɓarayin shanu da masu fashi da masu sarar itace don gawayi, har sai da aka girke soja a cikinsa. Amfaninsa ga birni a fili yake, domin itatuwansa ne suke riƙe ƙasa kada zaizaya ta kwashe ta ta cika Tiga da laka. Tun da kogi ɗaya ne ya ɗinke Falgore da Baturiya da Dagona, zumuncin da ya fi cancanta a fara ƙullawa shi ne na tsakanin waɗannan ukun, ma'aikatansu su riƙa musayar ziyara da labari, su yi magana da murya ɗaya a gaban Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedkwatarta take a Kano. In wannan ya tsaya da ƙafafunsa, neman abokai a Nijar da Kamaru da Turai zai zo da sauƙi.

A cikin birni ma akwai aiki. Kududdufan da aka haƙa don gina ganuwa da gidajen ƙasa su ne suke shanye ruwan sama su hana shi shiga ɗakuna, su ne kuma masaukin tsuntsaye mafi kusa da idon yaran makaranta. Da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, sakamakon haka kuwa mazauna unguwannin suna ganinsa kowace damina. Ya kamata hukuma ta ƙirga waɗanda suka rage ta yi musu hurumi, sarakuna da masu unguwanni su sa ido, Jami'ar Bayero kuma ta riƙa tura ɗalibanta ƙirgen watan Janairu a Tiga da Wasai da Baturiya, domin lissafin ya zauna a hannun 'yan ƙasa. Maharbi ko masunci da ya kama tsuntsu mai zobe a ƙafa, ya daure ya kai zoben ofishin gandun daji mafi kusa, tare da faɗin wuri da ranar da ya same shi, gama wani yana can a wata ƙasa mai nisa yana jiran wannan labari. Allah ya sa shugabanni su duba, ya kuma ba da damina mai albarka.